Lambar A13 da Hanyar Mubi: Tarihin Yadda Najeriya Ta Ware Manyan Titunanta

Titunan Najeriya ba a hannu ɗaya suke ba. Doka ta kasa su gida uku: akwai na gwamnatin tarayya, akwai na jihohi, akwai kuma na ƙananan hukumomi. A takardun ma'aikatar ayyuka ana kiransu rukunin A da B da C, sannan daga baya aka ƙara rukunin F. Idan aka haɗa tsawon titunan ƙasar gaba ɗaya ya kusa kilomita dubu 200, amma na tarayya bai wuce kimanin dubu 35 ba. Duk da ƙarancinsu, su ne ke ɗauke da mafi nauyin kaya da fasinja, domin su ne suka haɗa tashoshin jiragen ruwa da manyan birane da kan iyakoki. Harafi da lambar da aka bai wa titi suna nuna wanda zai gina shi, da wanda zai gyara shi idan ya fashe, da wanda jama'a za su tuhuma idan aka bar shi ya mutu. Garin Mubi, da ke gindin duwatsun Mandara a arewacin jihar Adamawa, ya shiga wannan tsari a makare, kuma ta gefe. Tarihin hanyarsa yana bayyana yadda tsarin ya ginu da kuma inda ya gaza.

Kafin zuwan mota, hanyar da ta haɗa Borno da Adamawa ta biyo gefen yammacin duwatsun Mandara ne, inda fatake ke kora jakuna da shanun dako ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi. A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya bi ta Uba da Mubi da Sorau, ya ƙetare Binuwai, ya isa Yola a watan Yuni. Ke nan a wancan zamani Mubi tana kan babbar hanyar kai tsaye. Irin waɗannan hanyoyi ba su da lamba, sai dai an san su da zangunansu da rijiyoyinsu da sarakunan da ake biyan fito a ƙasarsu. Mutanen duwatsu ma suna da tasu fasahar: a Sukur, kusa da Madagali, har yau akwai hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗa da faffaɗan duwatsu suna hawa zuwa fadar Hidi, sarkin wurin, kuma suna cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999.

Turawan Ingila ba su fara da titi ba. Hankalinsu yana kan jirgin ƙasa da na ruwa, waɗanda za su kwashe gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku. Titin mota na farko da aka saba ambatawa shi ne na Ibadan zuwa Oyo a 1906, kuma an yi shi ne don ya kawo wa tashar jirgi kaya. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Shekaru da dama bayan haka gwamnati tana ɗari-ɗari da duk titin da zai yi gogayya da reluwe, tunda ita ce mai reluwen. Sai da manyan motocin ɗaukar kaya suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ga babu makawa. A 1926 aka kafa hukumar tituna ta tsakiya, wadda ta zana ƙashin bayan manyan hanyoyin ƙasar. Daga nan rabon ya samo asali. Rukunin A shi ne titunan da suka haɗa Legas da hedikwatocin larduna da manyan garuruwa da ƙasashen maƙwabta, kuma gwamnatin tsakiya ce ke biyan kuɗinsu. Rukunin B shi ne waɗanda suka haɗa garuruwan lardi da rukunin A ko da tashar jirgi. Sauran kuwa aka bar wa En'e. Ita kanta Ingila ta fara bai wa titunanta harafin A da B a farkon shekarun 1920, kuma a 1936 ta yi dokar da ta ɗora manyan hanyoyinta a wuyan gwamnatin tsakiya, don haka ba abin mamaki ba ne da ma'aikatanta suka zo da irin wannan tunani.

A Arewa, nauyin titunan En'e a kan talaka ya faɗa. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara mazaje da fartanya da kwando, a share hanya, a cike kwazazzabai, a zuba burji. Akasarin waɗannan hanyoyi na rani ne. Da damina ta sauka koguna su cika, sai a rufe su ga motoci har zuwa kaka, sannan a sake fitowa gyara.

Mubi kuwa lokacin da ake wannan tsari ba ta ma cikin Najeriya. Da Turawa suka yanka ƙasar Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingila, Mubi da mafi yawan ƙasar suka faɗa hannun Jamus. Sojojin Jamus sun kama garin a 1903 suka mai da shi sansanin kan iyaka na Kamaru, fuskarsa tana kallon Garwa maimakon Yola. Ingila ta karɓe shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1922 aka danƙa mata yankin a matsayin riƙon amana, da farko ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, daga 1946 kuma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. An haɗa mulkinsa da lardin Adamawa, amma ƙasar amana ba mallaka ba ce, kuma mai riƙon abin da bai tabbata zai zama nasa ba bai cika zuba masa dukiya ba. Wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da suka riƙa ziyartar yankin, wanda ake kira Arewacin Kamaru, sun sha kokawa kan ƙarancin hanyoyi. Ga shi yankin ba shi da reluwe. Layin da aka miƙa zuwa Borno ya isa Maiduguri a 1964, amma ta Bauchi da Gombe ya bi, kuma har yau babu layin dogo a jihar Adamawa. Jiragen ruwa na hawowa Binuwai zuwa Yola a 'yan watannin da kogi ya cika kawai. Kafin a gina gadojin Numan da Jimeta, mota sai ta jira jirgin fito.

Wannan rabon iyaka yana cikin abin da ya karkatar da babbar hanya daga Mubi. Song da Gombi suna ɓangaren Ingila tun farko, kuma ta nan hanyar da ta tashi daga Yola ta nufi arewa ta bi. Tsohuwar hanyar fatake ta Sorau ta koma baya, Mubi ta zama garin da ake ratsewa a je.

Tsarin mulkin 1954, wanda ya mai da Najeriya tarayya, shi ya mai da rabon tituna batun siyasa. Rukunin A ya zama na gwamnatin tarayya a Legas, rukunin B ya koma hannun gwamnatocin yankuna, wato Kaduna ga Arewa. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya, kuma ranar 1 ga Yuni na shekarar yankin ya shigo. Aka sa masa suna lardin Sardauna, hedikwatarsa a Mubi. Lardin dogo ne siriri, a yanke gida biyu, daga wajen Gwoza a arewa har tsaunin Mambila a kudu, kuma ba a iya zuwa daga wannan kai zuwa wancan ba tare da an bi ta lardin Adamawa ba. Matsalar hanya ta dame shi ƙwarai. Daga nan Mubi ta shiga jihar Arewa maso Gabas a 1967, jihar Gongola a 1976, sannan jihar Adamawa a 1991. Duk lokacin da aka ƙirƙiro sabuwar jiha, titin da jiya yake cikin gida sai ya wayi gari yana ratsa iyakar jihohi biyu, kuma hujjar mai da shi na tarayya ta ƙaru.

Tsarin da ake amfani da shi yau a shekarun 1970 ya tsaya da ƙafarsa. Yaƙin basasa ya lalata gadoji da tituna, kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuma tana neman abin da zai ɗinke ƙasa. A 1971 aka yi dokar manyan titunan tarayya, wadda ta bai wa ministan ayyuka ikon ayyana titi a matsayin na tarayya ta hanyar sanarwa a gazet, tare da ikon tsara shi da gina shi da kula da shi da kafa ƙa'idojin amfani da shi. Ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta masu bin tsarin Faransa. A 1974 kuma gwamnatin tarayya ta karɓi sama da kilomita dubu 15 na titunan rukunin B daga jihohi, waɗanda suka zama rukunin F. Jihohi sun yi murna da sauke wannan kaya. Amma an ɗauke shi ne lokacin da baitulmali ke cike, kuma ba a haɗa shi da wata tabbatacciyar hanyar samun kuɗin gyara ba. Yawancin matsalar da ta biyo baya daga nan ta faro.

Lambobin kansu suna da ma'ana, ko da yake direbobi kaɗan ne ke amfani da su. Manyan tituna huɗu ne suka tashi daga bakin teku suka miƙe arewa, kuma an lissafa su daga yamma zuwa gabas. A1 ya tashi daga Legas ya bi Ibadan da Ilori da Jebba da Kontagora ya isa Sakkwato, ya ƙare a Illela kan iyakar Nijar. A2 ya taso daga yankin Fatakwal ta Warri da Benin da Lokoja da Abuja da Kaduna da Zariya da Kano, ya wuce Daura zuwa Kongolam. A3 ya bar Fatakwal ta Aba da Inugu da Makurɗi da Lafiya da Jos da Bauchi da Potiskum da Damaturu da Maiduguri, har Gamboru Ngala. A4 kuwa daga Kalaba ya taso ta Ikom da Katsina Ala da Jalingo da Numan ya nufi Maiduguri. Tsakaninsu akwai titunan da suka gitta daga yamma zuwa gabas kamar matakalan tsani, masu lamba uku, kuma lambobi biyu na farko suna faɗin waɗanne manyan tituna ne aka haɗa. A126, daga Sakkwato ta Gusau da Funtuwa zuwa Zariya, ya haɗa A1 da A2. A234, daga Abuja ta Keffi zuwa Akwanga, ya haɗa A2 da A3. A345, daga Bauchi ta Gombe zuwa Numan, ya haɗa A3 da A4. Lambar ƙarshe tana ƙaruwa ne yayin da ake hawowa arewa, shi ya sa titin Shagamu zuwa Benin ya zama A121. Akwai kuma wasu rassa da lambobinsu suka biyo bayan huɗun farko, irin su A9 da ya tashi daga Kano ta Katsina zuwa Jibiya. Harafin E an keɓe shi ga manyan tituna masu saurin gudu, kuma na farkonsu shi ne na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 1978.

Duk mai duban wannan zane zai ga tunanin zamanin mulkin mallaka bai gushe daga cikinsa ba. Manyan layukan huɗu duk teku suke kallo, kamar yadda reluwe ya yi. Zirga-zirgar da ke tsakanin garuruwan Arewa da junansu, wadda ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, a matsayi na biyu ta zo.

Titin da ya shafi Mubi shi ne A13, ɗaya daga cikin rassan nan. Ya tashi daga Jimeta, ya haye gadar Binuwai, ya bi Girei da Song da Gombi da Hong. Daga nan ya isa Mararraba, inda hanya ta rabu: wanda ya ratse gabas zai shiga Mubi bayan 'yar gajeriyar tafiya, wanda ya miƙe kuma zai bi Uba da Bazza da Michika da Gulak da Madagali, ya shiga jihar Borno ta Gwoza da Pulka har Bama, inda ake kama hanyar Maiduguri. Daga Yola zuwa Mubi kimanin kilomita 200 ne. A Uba ana ganin dalilin da ya sa irin wannan titi ba zai zama na jiha ɗaya ba, domin garin a rabe yake, wani sashe a Adamawa wani a Borno. A tasha babu mai cewa A13. Ɗan kamasho yana kiran Yola ne ko Michika ko Maiduguri, fasinja kuma yana auna tafiya da yawan ramuka da shingayen bincike. Lambar tana aiki ne a kasafin kuɗi da takardar kwangila da taswira.

Ayyana titi a matsayin na tarayya yana da sakamako na zahiri. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa gina titunan da Majalisar Tarayya ta ayyana a matsayin manyan titunan tarayya, da sauya su da kula da su, cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. A kowace jiha akwai kwanturolan ayyuka na tarayya da ke wakiltar ma'aikatar, kuma na Adamawa a Yola yake zaune. Filin titin ya kai mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe, kuma duk rumfa ko shago ko gidan mai da ya shiga cikin wannan fili ba tare da izini ba yana iya fuskantar rusau, abin da masu kasa kaya a bakin kwalta a garuruwan kan hanya ba duka suka sani ba. Gwamna ba ya da hurumin taɓa titin sai da amincewar Abuja. An sha samun jihohin da suka gaji da jira suka gyara titin tarayya da kuɗinsu, sannan suka shafe shekaru suna bin bashi. Talaka kuwa bai san wannan rabo ba, idan motarsa ta faɗa rami gwamnan da ya zaɓa yake zagi.

Gyara shi ne inda tsarin ya fi rauni, kuma gwamnatoci sun gwada dabaru iri-iri. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara, da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988. Asusun rarar man fetur na PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta a zamanin Janar Sani Abacha, ya sake shimfiɗa tituna da dama kafin a rushe shi bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. A 2002 aka yi dokar kafa hukumar FERMA musamman don kula da titunan tarayya, kuma ba da jimawa ba gwamnatin Olusegun Obasanjo ta rushe shingayen karɓar kuɗin hanya. Gyaran da aka yi wa dokar FERMA a 2007 ya tanadi wani kaso daga kuɗin man fetur don gyaran tituna, amma tanadin bai zama kuɗi a hannu yadda aka tsara ba. Daga 2017 aka shiga karɓar rance ta takardun sukuk, inda zagayen farko ya tara naira biliyan 100 don tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Kowace dabara ta yi wani amfani, amma babu wadda ta magance tushen matsalar: titin da aka yi don wani nauyi yana ɗaukar ninkinsa, tunda kusan kashi 90 cikin ɗari na kaya da mutanen ƙasar a kan kwalta suke tafiya, kuma ƙaramin ramin da ba a toshe da rani ba damina ɗaya ta ishe shi ya cinye rabin hanya.

A Mubi wannan nauyi a fili yake. Kasuwar shanun garin tana cikin mafi girma a Arewa maso Gabas, kuma dabbobi na shigo mata daga Kamaru da Chadi. Tirelolin da aka loda a tike suna fita ta Mararraba su gangara Jimeta, su wuce Numan, daga nan wasu su bi Jalingo zuwa kasuwannin kudu maso gabas, wasu su bi Gombe da Bauchi da Jos. A tafiya guda direba yana taka A13 da A4, ko A345 da A3, ba tare da ya san sunayensu ba. Duk awar da rami ya ƙara wa tafiyar asara ce ga mai dabba, domin sa a tsaye cikin mota ramewa yake yi, wani ma ya faɗi a yanka shi a hanya. Ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1979, da na jami'ar jihar Adamawa da aka buɗe a 2002, waɗanda su ma wannan hanya ce mashigarsu.

Shekarar 2014 ta nuna wata fuskar muhimmancin titin. Mayaƙan Boko Haram sun kama Gwoza a watan Agusta, suka gangaro Madagali da Gulak da Michika, sannan a ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi. Jerin garuruwan da suka faɗi shi ne jerin zangunan A13. Ta kan wannan titi dubban mutane suka gudu zuwa Yola, wasu kuma suka haye duwatsu zuwa Kamaru. An ƙwato Mubi a tsakiyar Nuwamba da taimakon maharba da 'yan banga, amma gadojin da aka fasa a arewacin hanyar, ciki har da ta Kudzum a ƙaramar hukumar Michika, sun shafe shekaru a karye. Motoci suna bi ta cikin kogi da rani, da damina kuma a sauke fasinja a tsallaka da su. Jiha ba ta da hurumi, ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfi, sai aka zuba wa tarayya ido, har hukumar raya Arewa maso Gabas, wadda aka yi dokarta a 2017, ta shigo aikin sake gina gadojin.

Maƙwabta ma suna da irin nasu tsarin, wanda suka gada daga Faransa. A bayan duwatsun Mandara, titin ƙasa mai lamba 1 na Kamaru ya bi Garwa da Marwa zuwa Kuseri, kusan a jere da A13, kuma 'yan kasuwar Mubi suna isa wancan ɓangare ta iyakar Sahuda. A Nijar titin ƙasa mai lamba 1 ya tashi daga Yamai ta Dosso da Maraɗi da Damagaram har Diffa da Ngigmi, wato daga yamma zuwa gabas, saboda a haka jama'ar ƙasar suke zaune. Sama da waɗannan akwai tsarin manyan titunan Afirka da hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara tsarawa a farkon shekarun 1970. Layin Dakar zuwa Njamena ya bi ta Kano da Maiduguri, layin Aljiyas zuwa Legas shi ma ta Kano ya ratsa. Babu ɗayansu da ya taɓa Adamawa ta arewa.

Jerin titunan tarayya bai rufe ba. Kusan kowane zangon majalisa akwai 'yan majalisar da ke neman a shigar da hanyar mazaɓarsu cikinsa, domin a ganinsu hakan ne zai kawo kwangila, a daidai lokacin da wasu gwamnoni ke neman a sakar musu titunan tarayya da ke cikin biranensu su gyara da kansu. Buƙatun biyu daga matsala ɗaya suka fito, wato rabon nauyin da aka yi a 1974 ya fi ƙarfin kuɗin da ake warewa. Ga Mubi da Michika da Madagali, A13 ne kaɗai babban titin tarayya da ya haɗa su da Yola a kudu da Maiduguri a arewa, kuma babu jirgin ƙasa ko na ruwa da zai karɓi kayansu ranar da ya yanke.